Kyamarar Kasuwar Talata da Dodannin Bakalori

A layin 'yan gwangwan na kasuwar Talata Mafara muka gan ta, kwance tsakanin wani mataccen risho da tarin kawunan fitilar ƙwai. Baƙar aba ce mai kusurwa huɗu, da idanu biyu ɗaya bisa ɗaya, ga sunanta a goshi ƙura ta kusa rufe shi: Yashica. Mai kayan, wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, ya ce cikin wani akwatin ƙarfe ya same ta lokacin da ya sayi tarkacen wani gida a wajen Bakura, kuma niyyarsa ya fasa ta ya cire abin da zai hau sikeli. Muka taya, ya yi albarka sau ɗaya don kada a ce bai yi ba, sannan ya sallama a kan kuɗin da bai kai na tiya biyu ta shinkafa ba. Har mun juya sai muka tambaye shi ko akwai wani abu kuma a akwatin. Ya ce, "Wasu baƙaƙen ledoji ne, Malam, masu hoton mutane kamar aljanu. Yara sun kwashi wasu, saura na zuba a bola."

Waɗancan baƙaƙen ledoji su ne dodon hoto, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi ya fito fari, kuma daga jikinsa ake buga hoto a takarda ko sau ɗari ake so. Yaron bai yi ƙarya ba, mutum a jikin dodo da aljani yake kama. Sai dai abin da ya zuba a bola ya fi abin da ya sayar mana daraja nesa ba kusa ba. Irin wannan kyamara an ƙera ta da yawa tsakanin 1970 da 1986, yau ma duk mai kuɗi zai same ta a intanet. Dodo kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. In ya tafi, fuskar da ke kansa ta tafi, sai fa in an dace wani ya adana bugun takarda. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne wata 'yar taga a gefen kyamarar da ke nuna lamba 9. Ma'ana akwai fim a ciki, an ɗauki takwas daga cikin goma sha biyu, mai ita ya ajiye bai ƙarasa ba. Muka ɗaure ƙofar bayanta da roba, muka hana kowa buɗewa, domin haske na daƙiƙa ɗaya ya isa ya shafe abin da ya yi shekaru yana jira.

Kyamara dai a jakar Bature ta shigo ƙasar nan. A 1900 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da wata 'yar kyamarar kwali mai suna Brownie a kan dala ɗaya, bayan shekara uku, a watan Maris na 1903, Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila. Ke nan sun iso mana a daidai lokacin da ɗaukar hoto ya zama abin da kowane hafsa zai iya yi ba tare da ya koyi sana'ar ba. Shi ya sa tsofaffin hotunan ƙasar Hausa na Razdan ne da Di'o da matansu: sarki a kan doki, kasuwa daga nesa, mai jima, mai saƙa. Akasarin mutanen da ke ciki ba a rubuta sunansu ba, sai ƙabilarsu ko sana'arsu, kuma da yawa daga hotunan suna ɗakunan ajiya na Ingila har gobe. A bakin teku kuwa baƙar fata sun daɗe da riƙe kyamara da kansu. Jonathan Adagogo Green, mutumin Boni, shi ya ɗauki shahararren hoton Sarkin Benin Ovonramwen a 1897, a cikin jirgin ruwan da zai kai shi zaman gudun hijira Kalaba. Sana'ar ta biyo layin dogo ta hauro Arewa, layin da ya isa Kano a 1911, ya kai Gusau da Ƙaura Namoda a 1929. Yarbawa da Ibo suka buɗe shaguna a Sabon Garin manyan birane, 'ya'yan Hausawa suka shiga a matsayin yaran shago, masu riƙe fitila da ɗauraye hoto a tasa, har suka ƙware suka kama gabansu.

Dattawanmu sun fi tuna akwatin katako mai ƙafa uku, wanda mai shi ke bin kasuwanni da shi, ya kafa a gindin bishiya, ya rataya ƙyalle a bango, ya zaunar da mutum a kan benci. Ba shi da maɓalli. Mai hoto yakan cire marfin gilashin ne, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Cikin akwatin akwai 'yan tasoshi biyu na magani, sai ya zura hannu ta wani baƙin hannun riga ya wanke takardar a ciki, ta fito dodo, ya kafa dodon a gaban gilashin ya sake ɗauka, sannan hoto ya fito daidai. Mutum na zaune zai karɓi abinsa da ɗanshi. Kuma mu faɗi gaskiya, ba sha'awa ce ta fara zaunar da kakanninmu a wannan benci ba, takarda ce: fasfon aikin hajji, lasin tuƙi, fom ɗin jarrabawa, shiga soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Malamai da dama ba sa son hoto, mutane da yawa kuma sun ɗauke shi larura, kamar allurar rigakafin da ake yi wa maniyyata. Wannan ne ya sa a gidaje masu yawa hoton da ake da shi na kaka guda ɗaya ne, ɗan ƙarami, da rabin hatimin hukuma a gefensa.

Shekarun 1970 su suka sauya lissafi. Naira ta fito a 1973 da ƙarfinta, kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji suka sayi rediyo da babur, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ƙauyuka da malaman makaranta matasa masu albashi. Alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da ƙananan kyamarori tare da agogo da darduma. Ɗaliban da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet suka dawo da Zenit, mai nauyi kamar dutsen guga. Amma a Mafara da Bakura da Maradun akwai abin da ya fi duk waɗannan, wato dam ɗin Bakalori.

An fara aikin a 1974 a kan gulbin Sakkwato, aka kammala bangon a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya, reshen Fiat, shi ya yi ginin, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ke kula da shi a madadin gwamnatin tarayya. Tsawon bangon ya kai kilomita 5 da rabi, an tsara ya riƙe ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin ɗaki, tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma yi shirin ban-ruwa ga hekta 23,000 a ƙasan Mafara da Bakura. Duk wanda ya san yadda babban aiki ke juya ƙaramin gari zai iya hasko abin da ya faru da masu hoto. Lebura yana buƙatar hoton katin aiki, direban katafila yana buƙatar na lasin, kuma duk ƙarshen wata akwai saurayin da ya karɓi albashin farko a rayuwarsa, ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ya sayi tabarau, yana so a ɗauke shi rungume da rediyo don a aika gida. Ga biki, ga suna, ga hoton Sallah da 'yan mata ke shiga uku-uku da anko. A wannan zamani ne kyamara mai ido biyu irin tamu ta zama jarin mai shago: idon sama na dubawa ne, na ƙasa na ɗauka, kana leƙawa ta sama kamar mai duba rijiya, dodonta kuma babba ne, santimita shida tsawo shida faɗi, har zaren hular mutum ana iya ƙirgawa.

Sai dai dam ɗin da ya kawo albashi shi ya ci gonaki. An tashi mutane kimanin 13,000 daga inda ruwa zai kwanta, aka tsugunar da da yawa daga cikinsu a Sabuwar Maradun, a kan tudun da bai kama ƙafar fadamar da suka baro ba wajen albarka. A yankin ban-ruwa kuma aka karɓi gonakin manoma don a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwa masu amfani, wasu suka yi damina fiye da ɗaya ba su shuka ba. Diyya ta zama abin jeka-ka-dawo, wasu sun samu kaɗan, wasu ba su ga ko kwabo ba. Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyi suna tsayar da aiki. A lokacin duk yankin yana cikin Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa ne gwamna, Shehu Shagari ne shugaban ƙasa. A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, Birnin Tudu na ƙasar Bakura ya fi ko'ina ɗanɗanawa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu adawa da ita suka ce 386 ne. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Dokta Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman ɗan ƙasar Suwidin, sun tattara bayanai sun yi rubutu, amma tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu tana nan yadda take, shekara arba'in da 'yan kai.

To, ina ruwan tsohuwar kyamara da wannan? Ai nan ne ruwanta yake. Hotunan Bakalori da muka taso muna gani a kalanda da littattafan makaranta na kankare ne da ƙofofin ruwa da manyan baƙi sanye da hular kwano, domin mai aiki da mai mulki su ke da mai ɗaukar hoto na albashi. Manomin da aka tasa ba shi da shi. Amma yana da mai hoton kasuwa. Wanda ya taɓa neman kujerar Makka ya zauna a bencinsa, wanda ya nemi aikin gadi a kamfani ya zauna, ɗansa da ya shiga firamare a 1976 ya tsaya a layin hoton aji. Mai shago kuwa ba ya ba da dodo, ajiye shi yake yi, saboda in kana son ƙari gobe dole ka dawo wurinsa. Wannan ɗabi'a ta neman kuɗi ita ta mayar da kowane mai hoto ma'ajin tarihi ba tare da ya nufa ba. Fuskokin mutanen da ake gardama a kan yawansu, da na waɗanda garuruwansu ke ƙarƙashin ruwa yanzu, in suna wani wuri to suna cikin irin akwatin da yaron nan ya zazzage a bola. Ƙasar nan ta ba Zamfara gwamnoni uku tun bayan ƙirƙiro jihar a 1996: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Hotunansu babu bangon da ba su hau ba. Na iyayen waɗanda suka jefa musu ƙuri'a kuwa gara ke ci.

Mutuwar sana'ar ba ta zo rana ɗaya ba. Da farko hoto mai kala ya ƙwace wankin daga hannun mai shago, domin shi na'ura yake so da magani mai tsayayyen zafi, sai an aika fim babban gari a motar haya a jira kwanaki. Mai hoto ya koma mai dannawa kawai. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, fim da takarda da magani kuwa duk daga waje suke zuwa. Wayar salula ta shigo a 2001, ba a jima ba ta yi ido. Abin dariya, injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim a 1975, lokacin ana tsakiyar zuba ƙasa a Bakalori, kuma ita ce ta durƙusar da kamfanin har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012. Masu shagunanmu wasu suka koma bidiyon biki, wasu noma, wasu suka rasu magada suka raba gida. Akwai kuma waɗanda suka sauke hotuna daga bango bisa fahimtarsu ta addini, wasu suka adana a adaka, wasu suka cinna musu wuta. Ba mu zo yin fatawa ba, amma ko wanda ba ya rataye hoto ya san amfanin shaida.

A duba Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, makaɗin Sarkin Kayan Maradun, wanda ya rasu a 1991. Muryarsa tana cikin wayar kowa yau, saboda gidajen rediyo sun naɗa, masu kaset sun kwafa sun sake kwafa, har abin ya tsallako zuwa zamanin memori. Hoto bai samu masu kwafa irin wannan ba. A wasu wurare dai an farga. A 1991 aka baje wasu hotuna a Niyok aka rubuta cewa mai ɗaukarsu wani ne da ba a sani ba daga Bamako. Da aka bi sawu sai ga Seydou Keïta da ransa, da dubban dodanni a ajiye, yau sunansa na cikin manyan masu hoton duniya. Ɗan garinsu Malick Sidibé ya samu babbar lambar baje kolin Banis ta Italiya a 2007, kuma shi da hoto mai kala ya kashe masa kasuwa, gyaran kyamara ya kama, har kantocin shagonsa suka cika da su. Wanda ya fi kama da namu shi ne Jacques Toussele na Mbouda, wani ƙaramin gari a yammacin Kamaru, wanda yawancin cinikinsa hoton katin shaida ne. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ɗauki nauyin kwafe dodanninsa kimanin 40,000 zuwa kwamfuta. Ba wani abu ya fi masu hoton Mafara da shi ba illa akwatinsa ya kai lokacin da aka zo nema.

Mu kuma lokacinmu ƙurarre ne. Ƙauyukan Maradun da Bakura da yawa sun watse saboda 'yan bindiga, wanda ya gudu da dare kuwa ba albam yake ɗauka ba. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na makonni, aka dakatar da kasuwannin mako, kuma a lokacin ne wasunmu suka gane cewa hotunan da suke taƙama suna da su a intanet aro ne. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a hanya, memori yana ƙin buɗewa. Dodon baƙi-da-fari da aka wanke da kyau, aka ajiye a busasshen wuri, yana iya haura shekara ɗari.

Da muka rasa yadda za mu yi da Yashicar, sai aka yi mana kwatancen wani dattijo a cikin gari wanda ya riƙe shagon hoto a zamanin dam, yanzu idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure yana sayar da goro. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya kai kunne, ya girgiza a hankali. Abin da ya fara ce mana shi ne, "Samari, kada ku sa mata ƙarfi. Abin da ya ƙi juyawa yana da dalili." Yawancin abin da muka sani na saye da gyara daga zauren nan muka samo shi, saura kuma daga ɓarnar da muka yi da hannunmu.

Mai farawa ya nemi kyamarar da ba ta dogara da batir ba. Pentax K1000, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1997, duk aikinta na ƙarfe ne da sifirin, batir ɗinta na ma'aunin haske ne kawai, ko babu shi za ta ɗauka. Olympus Trip 35, ta 1967 zuwa 1984, ba ta da batir sam, wani zobe mai ƙyalli da ke kewaye da idonta shi ke shan haske ya motsa ta. Gwajinta shi ne a saita ta kan harafin A, a rufe idon da tafin hannu a danna, in wani jan abu ya taso a madubin leƙawa ya hana ɗauka, to tana da rai. Zenit tana da arha da juriya, sai dai labulenta na ƙyalle ne, yana tsufa ya huje. Canon AE-1 kyakkyawa ce amma ba ta motsi sai da batir, in wayoyin cikinta suka mutu kuma babu mai tashinta a nan kusa. Ƙananan kyamarorin roba na shekarun 1990 masu zuƙo ido da kansu, waɗannan a bar su sai in kyauta aka bayar.

Kafin a biya, in an tabbata babu fim a ciki, a buɗe baya a ɗaga ta sama ana dannawa, a ga labulen da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido yana aiki a kowane mataki. A saurari na daƙiƙa ɗaya musamman. In ya ja ya tsaya a hanya, tsohon mai ne ya daskare. A haska gilashin da fitilar waya: ƙura ba komai ba ce, 'yar ƙarzuwa ma ba ta cika nunawa a hoto ba, amma in aka ga farin abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin. A leƙa ramin batir ko ya yi kore da tsatsa. A shafa gefen ƙofar baya. Baƙin soson da ke tare haske yakan narke ya zama kamar kwalta, kuma wannan shi ne gyara mafi sauƙi: a kankare da tsinken sakace da sifirit, a liƙa sabo, ko a cusa baƙin zaren ulu a cikin kwarmin. A nan muna da sa'a ɗaya, busasshiyar iskarmu ba ta raya fumfuna kamar ta kudu, amma ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, saboda haka a fara hure ta da 'yar robar busa iska kafin a taɓa gilashi da ƙyalle, in ba haka ba yashi ne kake gogawa. Kuma don Allah a nisanta ta da man keken ɗinki da man feshin da ake kwance tsatsa da shi. Mun kashe wata Zenit da hannunmu ta wannan hanya, man ya bi ya jiƙe labule ya hau gilashi. In aiki ya kai ga kwance ƙananan kusoshi, tsohon mai gyaran agogo ya fi mai gyaran waya sanin irin wannan ciki, domin sifirin da haƙoran ƙarfe duk dangin juna ne.

Fim har yanzu ana yin sa. Ilford na Ingila da Kodak suna fitar da baƙi-da-fari, ƙaramin mai ɗaukar 36 da babban mai lamba 120 irin na Yashica, sai dai oda ake yi ta intanet kuma ba arha. Zafi ne maƙiyinsa, a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gida. Ma'aunin haske in ya mutu ba abin damuwa ba ne, Baba ya ce su da ka suke yi: fim mai lamba 100, rana tsaka tana ƙwalla, a sa ƙofar ido a 16, gudun labule a 125, in mutum yana inuwa a buɗe zuwa 5.6. Wanki kuwa magani biyu ne, mai fito da hoto da mai tsayar da shi, da 'yar tukunya mai murfin da haske ba ya shiga. Maganin yana son sanyin digiri 20, abin da Mafara ba ta sani ba a watan Afrilu, don haka su da asuba suke wanki, da ruwan da ya kwana a randa.

Amma duk wanda zai shiga wannan harka a ƙasar nan, tambayarsa ta farko ga mai sayarwa ta zama: ina sauran kayan akwatin? Ambulan, littafin rasit, takardun da aka naɗe dodanni a ciki, ko da kwalin fim ne mai rubutun biro a bayansa, duk a haɗa, kuma a nemi yardar magada, a biya su. Dodon da ke warin tsami kamar ruwan kal ya fara ruɓewa, a ware shi kada ya shafi saura, a fara kwafe shi. A riƙe kowanne ta gefe, a sa shi cikin takarda, ba leda ba. Kwafewa ba ta buƙatar wata babbar na'ura: a ɗora dodon a kan farin haske, a ɗauke shi da waya, a juya launin a manhajar gyaran hoto, sai mutum ya fito. Daga nan aiki mafi wuya ya fara, wato yawo wurin tsofaffi ana tambayar wane ne wannan, ɗan wane gida ne, a wace shekara. Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato an kafa su ne don adana irin wannan, amma suna ba ya fitowa daga Kaduna, daga zaure yake fitowa. Hotunan matan aure kuma ba na watsawa a Facebook ba ne sai da izinin gidansu. Don miji da dangi aka ɗauke su, ba don duniya ba.

Fim ɗin cikin Yashicar mun jira hunturu kafin mu taɓa shi. Muka naɗe shi har ƙarshe, muka shiga ɗaki da dare, muka toshe taga da bargo, Baba na zaune a bakin ƙofa daga waje yana ba da umarni. Fim ɗin ya sandare, ya riƙa nannaɗewa kamar ganyen rama busasshe, sai da muka yi kusan rabin sa'a muna lalube kafin ya hau ƙarfensa. Da muka ɗaga shi gaban fitila bayan wanki, biyar daga cikin takwas ɗin sun tafi, hazo ne kawai. Uku sun fito dishi-dishi. Ɗaya wata tsohuwa ce zaune a tabarma da jariri a cinya. Ɗaya samari huɗu ne a bakin sabuwar magudanar kankare, ɗaya ya dafa keke, babu ko itace ɗaya a bayansu har iyakar gani. Na ukun wani magidanci ne da rawani a gaban labulen shago mai zanen jirgin sama, ya zauna tsaf irin zaman hoton fasfo.

Muka juya su a waya, muka faɗaɗa, muka miƙa wa Baba. Ya kai fuskar wayar dab da idonsa na dama, ya daɗe shiru. Mutanen bai shaida su ba, amma ya shaida labulen. Ya ce na wani abokin sana'arsa ne da ke cin kasuwannin ƙasar Bakura, tare suka sayo yadin a Gusau, mai zane ɗaya ya yi musu, shi ya zaɓi masallaci, abokin ya zaɓi jirgi. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, muka rubuta da fensir a bayan ambulan. Sannan ya ce a buga na mai rawanin a takarda babba, kada a kai a waya, tsofaffi ba sa gani. "Ku kai Birnin Tudu ranar Juma'a, ku tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame. Ku fara nuna wa masu sanda."